Lahadin Da Na Ƙi Fassara

Ku 'ya'yana, da jikokina waɗanda suka iya karatu, na san abin da ake faɗi a kaina a Malanville. Ana cewa Ayuba tafinta ne ya raba ikilisiya gida biyu don yana kwaɗayin kujerar fasto. Shekara da shekaru ina jin wannan magana ban tanka ba, har na ga wasunku sun fara sunkuyar da kai idan an ambace ta. Yanzu idona ya ragu, ƙafata ba ta kai ni kasuwa, shi ya sa na sa 'yar'uwarku Rahila ta sayo mini bik na rubutu da takarda. Zan faɗa muku yadda abin ya faru, har da inda na yi laifi, domin na yi.

Sai kun san inda aka tsamo ni kafin ku gane taurin kaina. A Garu aka haife ni, gidan noman shinkafa da su. Na yi lakwal, wato makarantar boko, kaɗan, na tsinci Faransanci, daga nan na bi mota har na zama direban kamiyo, babbar mota mai ɗaukar albasa zuwa kudu. A wancan zamani ina sha. Wata rana na sha na kama tuƙi, motar ta kife a wata kwana, wata mata 'yar kasuwa da ke zaune bisa buhuna ta mutu nan take. Jandarma suka rubuta cewa taya ce ta fashe, aka sake ni. Ni kaɗai na san ba taya ba ce. Na yi shekara uku ina neman abin da zan yi in wanke kaina. Na yi sadaka, na yi azumi, na ɗauki alkawari iri-iri, amma duk inda na zauna fuskar matar nan tana gabana. Wani tsoho mai gyaran takalma a bakin tasha, Malam Dauda, shi ne mutum na farko da na gaya wa gaskiya. Bai ce laifina ƙarami ne ba. Ya ajiye basillarsa ya dube ni ya ce:

"Kai ɗan bakin kogi ne. Wanda ruwa ya ci, daga gaɓa aka koya mishi iyo? Shiga aka yi a ɗauko shi. Yesu ya shiga, ya ɗauki naka bisa gicciye. Ba ka da abin da za ka ƙara. Ka amsa kawai."

Na amsa. Tun ranar ban sake sa giya a bakina ba, kuma ba wanda ya kafa mini doka. Kunya da godiya ne suka hana ni. Na nemi dangin matar na faɗa musu gaskiya, suka zage ni, suna da haƙƙi. Amma na dawo gida na yi barci irin wanda na manta da shi.

Ikilisiyarmu ƙarama ce, kuma iri biyu ne a cikinta. Akwai ma'aikata 'yan kudu, 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito da jandarma da malaman lakwal, waɗanda ke jin Faransanci. Akwai kuma mu 'yan ƙasa, 'yan dako da masu suyar kifi da manoma daga ƙauyuka, waɗanda ba su jin komai sai Hausa da Dandanci. Fastocin da ake aiko mana duk daga kudu suke, don haka aka tsayar da ni gefen mumbari. Fasto ya faɗi, ni in juya. Shekara ashirin ina wannan aiki. Rabin ikilisiya ba su taɓa jin wa'azi daga bakin kowa ba sai nawa, har da innarku Saratu.

Sai aka kawo mana Fasto Firmen. Ba zan ɓata shi ba, domin ba mugu ba ne. Siriri ne, ba ya cin abinci sosai, ba ya son kayan duniya. Da ƙafa yake zuwa ƙauyen Tumbutu da ke kusa da mu gaida marasa lafiya cikin rana. Abin da ya dame shi shi ne ganin masu bi suna sujada ranar Lahadi, ranar Litinin kuma suna gidan burkutu. A shekararsa ta biyu ya tafi addu'a kan wani dutse, ya dawo ya ce an nuna masa hanya. Ya ce kowane mai bi sai ya yi azumin kwana arba'in a bazara, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ba ko ruwa, sannan a sake yi masa baftisma a kogi, a rataya masa farin ƙyalle a wuya. Masu ƙyalle su ne cetattu, su ke zama gaba, su ke cin Jibin Ubangiji. Sauran kuwa suna bakin ƙofa ne tukuna, su zauna baya har su cika.

Ga laifina. Na juya wannan magana, kalma bayan kalma, har shekara biyu. Kuma ba da ƙyashi na juya ba, na ji daɗinta. Majami'a ta cika. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda a da suke ganin addininmu ba shi da nauyi, suka fara cewa yanzu kam mun zama mutane. Na yi azumin na cika, aka rataya mini ƙyalle, na riƙa tafiya da shi ina jin kaina. Yayanku Ishaya, wanda a lokacin ya gama karatu yana jagorancin mawaƙa, shi ma ya cika. Ya riƙe Fasto kamar uba. Na yi murna da haka, domin wane uba ne zai ga ɗansa yana addu'a ya yi baƙin ciki?

Innarku kuwa tana da ciwon suga. Likita ya daɗe da gaya mata kada ta bar cikinta wayam. Shekarar farko ta gwada, ta kai kwana goma sha biyu jiri ya kayar da ita a ɗaki. Aka mayar da ita bencin baya. Matar da ta share majami'ar nan tun tana ta zana, matar da ta dafa wa kowane fasto abinci, ta koma tana kallo ana miƙa gurasa ana tsallake ta. Ba ta yi ƙorafi ba, ni kuma ban tambaye ta ba. Da bazara ta zagayo na ce mata kada ta yi, ta ce to. Ashe tana yi a ɓoye. Da safe sai ta zuba kunu a kwano ta shiga ɗaki, ta fito da kwanon wayam, ashe awaki take zuba wa ta taga. Daga nan ta ɗauki tukunyarta ta tafi kasuwa, ta wuni gaban wuta tana sayar wa direbobi shinkafa da wake. Kun san zafin garin nan a watan albasa, lokacin da ko ƙarfen mota ba ya taɓuwa.

Rana ta goma sha tara, da azahar, ta faɗi kusa da murhu. Hajiya Bibata, mai tuwo da ke rumfar gefenta, ita ta janye ta daga wuta, ta ɗura mata ruwan sukari, ta tare kabu-kabu aka kai ta asibiti. Ina tasha ana loda mota aka zo aka gaya mini. Na iske ta kwance an sa mata ƙarin ruwa a hannu, gefen zanenta ya ƙone. Da ta buɗe ido ta gane ni, na zaci za ta tambayi yara. Sai ta ce:

"Maigida, wa ya ba ni ruwa?"

Na ce Hajiya ce, kuma Allah ya saka mata, da ba don ita ba da yanzu wata magana ake. Sai ta juya fuska bango ta fara kuka, irin kukan da ban taɓa ji daga gare ta ba ko ranar da muka binne ɗiyarmu ta biyu.

"Ta karya mini. Saura ashirin da ɗaya. Yanzu in na mutu, ina za ni tahi?"

Na ce, "Haba Saratu, wace irin magana ce wannan? Ke da kika ba da gaskiya tun kina budurwa? Wa ya ce miki ba ki da ceto?"

Ta juyo ta dube ni, ba da fushi ba, da mamaki.

"Kai ka hwaɗi. Ni ban jin Faransanci. Ban san mi Fasto ke cewa ba. Kai na ji, kowace Lahadi."

Na fita na zauna ƙarƙashin wani dogon yaro a harabar asibitin, ƙyallen yana wuyana, na rasa inda zan sa kaina. Malam Dauda ya daɗe da rasuwa, amma na ji kunyarsa kamar yana zaune gefena. An ba ni abu kyauta ranar da ba ni da ko fuskar roƙo, ni kuma na tsaya gaban matata na ce mata sai ta saya da ranta.

Kwana uku ban je tasha ba. Ina jinyarta, ina buɗe Littafin ina bin wuraren da na sani tun da. Ban sami sabon abu ba. Abin da na sani ne na iske yana nan inda na bar shi: ceto kyautar Allah ne, ta wurin bangaskiya ake karɓarsa, ba ladan aikin kowa ba ne, don kada wani ya yi taƙama. Ayyukan kirki suna biyowa baya kamar yadda 'ya'ya ke bin itace, ba su ke dasa itacen ba. Na karanta wa innarku da Hausa, a hankali, na maimaita. Ta ce in haka ne, me ya sa na faɗi wancan? Na ce mata na ɓata hanya, ta gafarce ni.

Ranar Jumma'a da hantsi na je gidan Fasto. Ya karɓe ni da kyau, ya tambayi jikinta, ya ce yana mata addu'a. Na buɗe masa wuraren, na roƙe shi ya bar azumi ya zama na mai so da mai iko, kada ya mai da shi ƙofar ceto. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Ayuba, na san waɗannan ayoyi kafin ka san su. Amma dubi mutanenka. Ka ce musu kyauta ne, gobe za ka same su a gidan giya. Abin da mutum bai sha wahalarsa ba, ba ya riƙe shi da daraja."

Na ce, "Fasto, ni mashayi ne, har na kashe rai. Na yi shekara uku ina shan wahala don in biya, ban bar kwalba ba. Ranar da aka ce mini an riga an biya, ranar na bari."

Ya ce kowa da yadda Allah ke bi da shi, amma shi an ba shi wahayi, ba zai ja da baya ba. Ya ƙara da cewa ni baki ne kawai, nauyin maganar yana kansa, ba kaina ba. Na ce masa na yarda da haka shekara biyu, sai da na ga wanda maganar ta kayar.

A hanyar gida wata dabara ta zo mini. Na ce a raina, ai ni ke juyawa. Fasto ba ya jin Hausa. Ya faɗi nasa, ni in sassauta, in faɗi gaskiya a madadinsa, kowa ya zauna lafiya. Na juya wannan tunani har ranar Asabar. Amma na ga ƙarya ce, ko da an yi ta don Allah. In na sa wa mutum maganar da bai faɗa ba, na ci amanarsa, kuma ranar da aka gane, ba wanda zai sake yarda da bakina ko da Littafin nake karantawa. Abin da zan yi, sai in yi shi a fili.

Ranar Lahadi innarku ta ce sai ta je. Rahila ta riƙe ta, suka zauna bencin baya. Aka yi waƙa, Fasto ya hau, na tsaya inda na saba. Ya fara da ƙaunar Allah, na juya. Ya yi maganar tuba, na juya da dukan zuciyata. Sai ya zo kan masu fara azumi su karya. Bai ambaci suna ba, amma kowa ya san wadda aka kwantar a makon. Ya ɗaga murya ya ce wanda bai cika kwana arba'in ba, jinin Almasihu bai kai kansa ba tukuna. Ya tsaya yana jirana.

Na yi shiru.

Ya zaci ban ji ba, ya maimaita. Mutanen baya suka fara miƙa wuya. Sai na juya gare shi na ce da Faransanci, da ladabi, ba zan iya juya wannan ba. Sannan na fuskanci jama'a na ce da Hausa, na kuma maimaita da Dandanci:

"'Yan'uwa, Fasto ya faɗi wata magana da ba zan sa a bakina ba, don ba haka aka rubuta ba. Na faɗa muku irinta shekara biyu, ku gafarce ni. Wanda ya ba da gaskiya ga Yesu, jininsa ya ishe shi yau, ko ya yi azumi ko bai yi ba. Ni ma ba azumi ya cece ni ba."

Na cire ƙyallen, na ninke shi, na ajiye bisa tebur. Ban jefar ba kamar yadda ake faɗi. Na sauka na bi tsakiyar majami'a har baya, na zauna kusa da innarku. Wuri ya yi tsit, sai kukan wani jariri. Daga nan Fasto ya kira Ishaya.

Wannan ne abin da ban shirya masa ba. Na shirya wa zagi, na shirya wa kora, ban shirya wa wannan ba. Yayanku ya tashi daga cikin mawaƙa, ya tsaya daidai inda nake tsayawa, Fasto ya sake faɗin maganar karo na uku, shi kuma ya juya ta da Hausa mai kyau, idonsa a kan bango. Innarku ta kama hannuna ta matse. Kun san ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce a hankali:

"Bar shi. Yaron nan tsoron Allah ya sa shi. Kak ka tanka."

Dattawa suka zauna a makon, suka sa ni ƙarƙashin horo, suka ce in tsaya gaban jama'a in janye. Na ce zan nemi gafara idan na kunyata Fasto, amma maganar ba tawa ba ce balle in janye ta. Aka ce kada in sake shiga. Lahadi ta gaba muka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan nan, ni da innarku da ku ƙanana. Ban kira kowa ba. Mutum tara suka zo da kansu, yawancinsu 'yan bencin baya: tsofaffi, wata mai ciki, wani ɗan dako mai tari. Ban taɓa yarda a kira ni fasto ba, ku shaida ne. Karatu nake yi, mu yi addu'a. Kuma kada ku ce mun sassauta wa zunubi. Wani ya zo mana yana warin giya yana cewa ai Ayuba ya ce komai kyauta ne. Na ce masa wanda aka tsamo daga kogi ba ya komawa ya yi wasa a wurin da ya nutse, in ya koma, to bai san an tsamo shi ba. Azumi ma muna yi, har yau ina yi. Amma na godiya ne, ba na ciniki ba.

Ishaya ya kwashe kayansa ya koma gidan Fasto. Ya yi aure, muka ji a bakin mutane. Da aka ɗauke Fasto Firmen zuwa kudu ya bi shi, yana can har yanzu yana wa'azi. Abokan da muka yi shekara ashirin muna cin tuwo kwano ɗaya suka riƙa sauya hanya idan sun hango ni. Wannan ne farashin, kuma innarku ta fi ni biya, domin ni na zaɓa, ita kuwa ɗa ta rasa. Sau da yawa na tambaye ta ko in je in ba da haƙuri don ya dawo. Kullum amsarta ɗaya ce: in na janye, me za ta riƙe ranar mutuwarta?

Ta yi shekara tara bayan haka. Ta rasu da safe, cikin damina, shinkafa ta fara fitar da kai. Rahila tana nan, za ta gaya muku. Da na ga numfashinta ya sauya na sunkuya na tambaye ta ko tana jin tsoro. Ta girgiza kai ta ce:

"Tsoron mi? Ba ni na yi aikin ba."

Ishaya ya iso washegari, ya tarar ana haƙa. Bai gaida kowa ba, ya tuɓe riga ya karɓi shebur daga hannun wani, ya shiga ramin. Bayan an rufe, mutane sun watse, muka rage mu biyu. Ya yi furfura a gemu, ban sani ba sai ranar. Ya ce:

"Baba, ta cika azumin kafin ta tahi?"

Na ce ba ta cika ba, ba ta ma sake gwadawa ba.

Ya daɗe yana kallon ƙasar da ya tara da hannunsa. Na ga leɓensa yana motsi. Sannan ya ce:

"Har yanzu ina ganin kun mai da abin da sauƙi da yawa."

Na ce, "Ba sauƙi gare shi ba, ɗana. Wani ne ya sha wuyar."

Ya kwana biyu ya koma.

Ishaya, na sa Rahila ta kwafe wannan ta aiko maka, don haka bari in yi magana da kai kai tsaye. Ban riƙe ka da komai ba, innarka ma ba ta riƙe ka ba. Ni na fara juya maganar nan kana saurayi kana saurare, a bakina ka koye ta. Amma ka tsaya bakin kabarin uwarka ka yi tambayar da ka yi, kuma na ga fuskarka. Koyarwarka ta ce maka tana waje, zuciyarka ta ƙi yarda. Ka zauna da wannan, ka buɗe Littafin, ka ga wanne ne a cikinsu ya yi daidai da abin da aka rubuta. Ni dai na tsufa, ba zan janye ba. Ka zo mu yi gardama tun ina da numfashi, ka taho mini da jikokina in gan su.